Ina Za A Ajiye Batirin Ɗaki A Motar Kwana?

(Kiɗan buɗe shiri)

    Gaisuwa ta musamman ga 'yan riwaya, masu gyaran wutar mota, da masu haɗa sola da inbata. Shirin yau naku ne kafin na kowa.

Yau za mu leƙa Turai.

A Ingila da Jamus da Faransa, haka ma a Amurka da Ostireliya, akwai mutanen da ke sayen motar ɗaukar kaya, irin mai rufaffen baya, su mayar da ita ɗaki. Gado a ciki. Ɗan wurin girki. Firji, fitilu, famfon ruwa, wurin cajin waya. In lokacin hutu ya zo, sai a kwashi iyali a nufi bakin teku ko gindin dutse, a kwana a cikin motar. A shirin nan za mu kira ta motar kwana. Ba yau aka fara ba. Tun 1951 kamfanin Westfalia na Jamus ya fara saka kayan kwana a cikin ƙaramar bas ɗin Volkswagen. Yanzu kuwa an fi yin aikin da Fiat Ducato, da Ford Transit, da Mercedes Sprinter, da Volkswagen Transporter. Wasu kamfani ke ƙera musu. Wasu da yawa da hannunsu suke yi, a ƙofar gida.

To, in an tsaya an kashe inji, wa ke ba firji wuta har gari ya waye? Batir na biyu. Batirin ɗaki. Shi ne abin da za mu tattauna a kai. Tambayar kuma guda ce: a ina za a ajiye shi?

Wani zai ce, me ya haɗa mu da wannan? Abin da ya haɗa mu shi ne batirin. Irinsa ne a gindin inbatar gidanka. Irinsa ne ke riƙe firjin maganin rigakafi a motar asibitin tafi-da-gidanka. Halinsa ɗaya ne, ko a Jamus ko a Gusau.

Ga maganar da nake so ku riƙe tun daga farko. Wurin batir shi ake fara zaɓa. Kafin gado. Kafin kabad. Kafin kafinta ya buga ƙusa ko ɗaya. Yawancin matsala daga nan take farawa: an gama ƙawata mota, sannan a tuna da batir, a cusa shi a duk lungun da ya rage. Zan sake faɗa. Wurin batir shi ake fara zaɓa.

(Kiɗa)

Kashi na farko. Mu san batirin kansa.

Batirin da ke tayar da inji aikinsa na 'yan daƙiƙu ne. Ya ba da wuta mai yawa a take, inji ya tashi, altaneta ta mayar masa da abin da ya kashe. Batirin ɗaki ba haka aka gina shi ba. Shi wuta kaɗan-kaɗan yake bayarwa, na sa'o'i masu yawa, ya sauka sosai, a sake cika shi. Shi ya sa ake raba su. Ko batirin ɗaki ya ƙare tas cikin dare, da safe mota za ta tashi.

Batirin ɗaki kuma iri-iri ne, kuma irinsa shi ke faɗa maka inda zai iya zama.

Akwai na ruwa, mai dalma da ruwan batir, wanda duk muka sani. Tsohon hannu ne. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro shi a 1859. Akwai rufaffen ɗan'uwansa da ake kira AGM, wanda aka tsotse ruwansa a cikin tabarmar zaren gilashi, ba ya zuba. Akwai na jel, wanda ruwansa ya daskare. Sai kuma na litiyam. Wanda ake sa wa a motocin kwana shi ne mai suna LiFePO4, wato litiyam da ƙarfe da fosfet. A cikin dangin litiyam yana cikin waɗanda suka fi wuyar kamawa da wuta.

Ku riƙe bambanci biyu. Batirin dalma mai amfiya-awa 100 nauyinsa yakan kai kilo 25 zuwa 30. Na litiyam mai girman haka, kilo 11 zuwa 14. Sannan na dalma, rabin abin da ke cikinsa kawai ake son ka sha, in kana so ya daɗe. Na litiyam kana iya shan kashi 80 cikin 100, ko fiye.

Kashi na biyu. Maganar iska. Ku matso kusa da rediyo, domin a nan rai yake.

Batirin dalma, in ana cajinsa, musamman in ya kusa cika, yana fasa ruwan da ke cikinsa. Abin da ke fitowa iska ce iri biyu: oksijin da haidirojin. Haidirojin ba ta da launi. Ba ta da wari. Hancinka ba zai gaya maka komai ba. Amma in ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa. Kashi huɗu kacal, jama'a. A cikin rufaffen akwati ba ta ɗaukar dogon lokaci kafin ta kai haka.

Ku kwatanta a zuciyarku. Dare ya yi. An toshe mota a wutar sansanin masu hutu, caja na aiki. Tagogi a rufe saboda sanyi. Yara biyu na barci a kan benci. A ƙarƙashin bencin kuwa batirin ruwa ne, a cikin akwatin katako marar ko rami ɗaya. Firji ya kunna kansa, wata sakakkiyar waya ta yi tartsatsi. Allah ya kiyaye. Amma kiyayewar tana tafiya da dabara.

Dabarar ita ce wannan. Batirin ruwa, in zai zauna a cikin ɗaki, a sa shi a akwatinsa na musamman, wanda ruwan batir ba ya ci. Akwatin ya zama a rufe ta ɓangaren ɗaki, a buɗe ta ɓangaren waje. Yawancin baturan nan suna da ɗan rami a gefe, kusa da sama. A nan ake maƙala siririn tiyo, a huda ƙasan mota, a fitar da shi waje. In kuwa akwatin ne za a yi wa mashaƙa, to mafitar ta kasance a sama, domin haidirojin ta fi kowace iska rashin nauyi. Sama take yi.

Na AGM da na jel fa? Ana ce musu rufaffu, amma suna da ɗan bawul da ke buɗewa in caji ya yi yawa. Saboda haka su ma ba a kulle su a inda iska ba ta zagayawa. Na litiyam ba ya fitar da wannan iska in yana aikinsa daidai. Wannan ne babban dalilin da ya sa ya samu shiga a ƙarƙashin gado da ƙarƙashin kujera.

In kuma wata rana ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai daga wajen batir, wannan wata iska ce dabam, mai guba. Alama ce batirin yana dahuwa. Kashe caja. Buɗe ƙofofi. Fitar da mutane. Kada ka kunna ashana don ka duba.

Har yanzu muna kan iska. Motar kwana tana ɗauke da tukunyar gas ta girki. Shi gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Shi ya sa ake huda ƙasan ma'ajiyar tukunyar, in ya yi yoyo ya zube waje. Batir da tukunyar gas ba sa zama ɗaki ɗaya. Ko da wane irin batir ne. Ko da na litiyam ne. Batir wurin tartsatsi ne, gas kuma tartsatsin yake jira. Ba sa zama ɗaki ɗaya.

(Kiɗa)

Kuna tare da mu, muna magana a kan inda ya dace a ajiye batirin ɗaki a motar kwana. Mun gama da iska. Yanzu kashi na uku, kuma a nan zan ɗan daɗe. Maganar waya.

Wutar batir volt 12 ce. Wutar gida volt 230. Bambancin nan yana da sakamako. Na'urar da ke cin wat 1000, in a wutar gida take, amfiya huɗu da ɗan ɗori take ja. Wannan na'urar dai, in inbata za ta ciyar da ita daga batirin volt 12, to amfiya sama da 80 za ta bi ta waya. In ka haɗa da asarar inbatar kanta, sai ta doshi 90. Aiki ɗaya, amma wutar da ke gudu a waya ta ninka kusan sau ashirin.

Ku tuna tiyon ban ruwa. In gajere ne mai faɗi, ruwa na fita da ƙarfinsa. In ka ƙara masa tsawo, kuma siriri ne, kafin ruwan ya kai bakin lambu ya galabaita. Haka waya take. Kowace mita tana cin nata rabon.

Bari in ba ku lissafi, 'yan riwaya ku duba ni. Wayar tagulla mai kaurin milimita-sukwaya 16. Batir a gaban mota, inbata a baya, tsakaninsu mita 5. Wuta kuwa zuwa take ta dawo, saboda haka waya mita 10 ce. In amfiya 90 ta bi ta cikinta, kusan volt 1 ke ɓacewa a hanya. Ɗaya daga cikin goma sha biyu. Ina ya tafi? Ya koma zafi a jikin wayar. Wayar da ke bayan katako, kusa da katifa. Ita kuma inbata sai ta riƙa kuka tana kashe kanta, tana cewa batir ya yi ƙasa, alhali batirin a cike yake. Mai mota ya zargi batir, ya je ya sayi sabo. Matsalar na nan inda take.

Yanzu matso da inbatar. Mita 1 tsakaninsu. Waya iri ɗaya, wuta iri ɗaya. Asarar ta koma kashi ɗaya cikin biyar na waccan. Ba ka sayi komai ba. Wuri kawai ka canza.

Amma akwai ja-in-ja a nan. Batirin ɗaki yana samun caji daga inji, ta gaba. Yana kuma ciyar da inbata da kayan ɗaki, waɗanda galibi suna baya. Wa zai kusanta? Ga yadda nake gani. A duba wace waya ce ta fi ɗaukar wuta, a gajarta ta. Motocin da suka fito daga wajen 2015 zuwa yau a Turai, da yawansu suna da altaneta mai rage wuta da kanta don tsimin mai. Irin wannan ba ta cika batirin ɗaki ta tsohuwar hanyar haɗa batura biyu da rilé. Sai an sa caja ta musamman a tsakani, mai karɓa daga batirin inji tana ba batirin ɗaki gwargwadon buƙatarsa. Cajar nan galibi amfiya 30 ce, wasu 50. Inbata kuwa mun ce 90, in mai wat 2000 ce ma ta doshi 180. Ashe amsar ta fito. Batir ya zauna kusa da inbata. Wayar caji ita ce za ta yi doguwar tafiya, a ba ta kaurin da ya dace. Ita cajar kuma a kafa ta kusa da batirin ɗaki.

Kusa, amma ba a cikin akwati ɗaya ba, in batirin na ruwa ne. Kada kuma a ɗora inbata a samansa. Tururin ruwan batir yana cin kayan cikinta, ita kuma tana iya yin tartsatsi. A raba su da bango, waya ta ratsa.

Sai fis. Ɗan ƙaramin abu ne, amma ba ni yarda da kowane haɗi da babu shi. Fis ba firji yake karewa ba. Waya yake karewa. Jikin mota gaba ɗaya ƙarfe ne, kuma a haɗe yake da baƙin kan batir. In jar waya ta goge a gefen ƙarfe, bawonta ya yanke, wutar da za ta kwarara ɗaruruwan amfiya ce, har dubbai. Waya ta yi ja, bawo ya kama. Fis ne zai yanke kafin haka. Amma abin da ke bayansa kawai yake karewa. Tsakanin kan batir da fis babu mai tsaro. Shi ya sa ake son tazarar nan ta zama 'yar ƙarama. Ƙa'idar masu ƙera jiragen ruwa a Amurka, ta hukumar ABYC, ta ce kada ta wuce inci 7, wato kusan santimita 18. Masu motocin kwana da yawa ita suke bi. To in lungun da ka zaɓa ba shi da sararin fis a gefen batir, ba shi da sararin makashin wuta da hannu zai kai, wannan lungu bai yi ba. Kuma wayar caji mai haɗa batura biyu fis biyu take buƙata, ɗaya a kowane ƙarshe, domin ta kowane ɓangare akwai wuta.

(Kiɗa)

Kashi na huɗu. Nauyi.

A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai, lasin tuƙi na ƙaramar mota galibi iyakarsa kilo 3,500, mota da duk abin da ke cikinta. Katako, ruwa, mutane, tukwane, duk a ciki. Batirin dalma biyu sun ci kilo hamsin zuwa sittin daga wannan rabo. Amma ba yawan nauyin kaɗai ba ne abin dubawa. Inda ya zauna ma magana ce.

A ƙasa ake ajiye shi, a kan daɓen mota. Ba a kan kanta ba. Nauyi in ya hau sama, mota na tangaɗi a kwana. Sannan a nemi tsakanin tayoyin gaba da na baya. Nauyin da aka ajiye can ƙurya, bayan tayoyin baya, yana danne baya yana ɗaga gaba, sitiyari ya yi sakwa-sakwa. A kuma duba hagu da dama. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. In tankin ruwa mai lita 80 yana hagu, to batura su koma dama.

Sai ɗauri. Wannan ma maganar rai ce. A karo mai ƙarfi, abu yakan yi nauyi kamar ninki ashirin na nauyinsa, ko fiye. Batir mai kilo 25 ya zama kamar rabin tan. Kuma gaba zai nufa, inda direba da iyalinsa ke zaune. Kusoshin katako guda huɗu a jikin falanki ba za su riƙe rabin tan ba. Igiyar roba ba za ta riƙe ba. Abin da zai riƙe shi ne maɗaurin ƙarfe ko ɗamara mai ƙarfi, da noti wanda ya ratsa ƙarfen motar kanta, da faffaɗan wosha ta ƙasa. Kafin ka huda kuma, ka leƙa ƙarƙashi. Tankin mai yana nan, bututun birki yana nan.

Kashi na biyar gajere ne, amma ya shafe mu. Zafi da sanyi.

Batir yana son yanayin da mutum ke so, wajen digiri 20 zuwa 25. Na dalma, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka, in ya ɗore, yana raba kwanansa biyu. Na litiyam kuwa babban abokin gabansa a Turai sanyi ne. Ba a cajinsa in sanyi ya kai digirin da ruwa ke daskarewa, wato sifili. In aka yi, lahanin ba ya gyaruwa. Masu kyau daga cikinsu suna da na'urar tsaro a ciki da ke hana caji a irin wannan hali, wasu har da ɗan abin ɗumama kai. Ta ɓangaren zafi kuma, galibin kamfanoni wajen digiri 45 suke tsayar da iyakar caji. Ku tuna cikin motar da aka bari a rana yana iya wuce digiri 60. Wanda ya san Afrilu a Sakkwato ko Agadas ba sai an yi masa bayani ba. Saboda haka a nisanta batir da salansa, da bakin na'urar ɗumama ɗaki, da tagar da rana ke duka.

(Kiɗa)

Yanzu ku zo mu zagaya motar tare, wuri-wuri.

Mu fara da cikin bonet, kusa da inji. A Ostireliya masu manyan motocin daji irin su Land Cruiser sun daɗe suna ajiye batir na biyu a nan. Wayar caji gajera ce, iska kuma na wadace. Amma zafin inji na cin kwanan batir. Ga na litiyam, ban ba da shawara ba, sai wanda kamfaninsa ya rubuta ƙarara cewa an yi shi don haka. Motocin kaya na zamani ma ba su bar sarari a nan ba. Ford Transit batirin injinta kansa a ƙarƙashin kujerar direba yake. Ducato da Sprinter kuma a ƙarƙashin wurin ajiye ƙafa, a gaba.

Mu shigo ciki. Ƙarƙashin kujerar gaba. Wannan wuri ne mai kyau, kuma Volkswagen da kansu suna ajiye batirin ɗaki a nan a motarsu ta kwana mai suna California. A ƙasa yake. Gindin kujera ƙarfe ne mai ƙarfi, a ɗaure da jikin mota. Bai ci sararin ɗaki ba, kuma yana kusa da inji. Sai dai wurin matsattse ne. Batir ɗaya yake ɗauka, da ƙyar biyu ƙanana. A auna tsayi da kyau, musamman in za a sa wa kujerar faifan juyawa, don ta fuskanci ɗaki. Ƙarfen kujera yana wucewa dab da kan batir. Dole a rufe kawunan nan biyu da hular roba. Kuma kafin ka ciro batirin, sai ka kwance kujera. Ga na ruwa mai buƙatar a riƙa duba shi, wannan wahala ce. Ga AGM ko litiyam, ba laifi.

Mu matsa baya kaɗan. Cikin benci, ko gindin kabad, bayan kujerar direba, ko dab da gaban tudun tayar baya. In ka tambaye ni, nan na fi so. Yana ƙasa. Yana tsakanin tayoyi. Yana cikin ɗaki, inda zafi da sanyi ke da sauƙi. Akwai bangon da za a kafa caja da fis da inbata a jere, waya gajera-gajera. Ka ɗaga murfi, komai na gabanka. Abin da za ka biya shi ne sararin ajiyar kaya. A ganina ya cancanta.

Sai ƙarƙashin gado, can baya, inda ake zuba kekuna da kujerun zama. Sarari ne babba, shi ya sa masu batura da yawa suke son sa. To a tura su gaba, kusa da tayoyi, kada a bar su a bakin ƙofa. A kuma yi musu shinge. Wurin nan ne ake jefa sifana, da sandunan rumfa, da jiƙaƙƙun takalma. Sandar ƙarfe ɗaya in ta kwanta a kan kawunan batir biyu, an gama. Kada kuma tankin ruwa ko famfo ya kasance a saman kayan wuta. Ruwa a gefe guda, wuta a ɗaya gefen.

Na ƙarshe, ƙarƙashin motar, a rataye a jikin shasi cikin kejin ƙarfe. Ba ya cin ɗaki ko kaɗan, nauyi ya sauka ƙasa sosai, iska kuma ba magana. Amma batirin zai sha ruwa da laka da duwatsu. A Turai har da gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, mai cin ƙarfe. Sanyi zai same shi kai tsaye, abin da litiyam ba ya so. A hanya mai ramuka da tudun rage gudu kuma, ƙasan mota ne ke fara bugawa. Wurin yana yiwuwa ga AGM a keji mai kyau. Ban da haka, ni dai ba zan kai shi nan ba.

Wani zai tambaya, ana iya kwantar da batir ta gefe don ya shiga lungu? Na ruwa, a'a. A tsaye kawai, in ba haka ba ya zuba. AGM yana jurewa. Na litiyam, a duba takardar kamfaninsa, domin ba duka aka yarda a kwantar ba. In kuma batura biyu za a haɗa don su yi aiki tare, su zama iri ɗaya, girma ɗaya, sa'annin juna. Su zauna gefe da gefe, wayoyin haɗinsu tsawo ɗaya. Ɗaya a gaba ɗaya a baya, na kusa ne zai riƙa shan wahala, ya riga ɗan'uwansa mutuwa.

(Kiɗa)

Kashi na ƙarshe. Gwaji kafin a buga ƙusa.

Samo kwali. Yanka shi daidai girman batirin da za ka saya. Ƙara masa sararin hannu ta sama da ta gefe. Ajiye shi a inda kake tunani. Yanzu durƙusa ka gwada. Sifana za ta juya a kan noti ba tare da ta taɓa ƙarfen mota ba? Za ka iya ciro kilo 25 daga nan ba tare da ka kwance rabin kicin ba? In na ruwa ne, za ka iya buɗe murafansa ka ƙara tataccen ruwa? In hayaƙi ya tashi da tsakar dare, hannunka zai kai ga makashin wuta a cikin duhu? Uwargida ma ta san inda yake? Ɗauki zare ka bi hanyar da waya za ta bi, lungu-lungu, ka auna. Tsawon nan shi za ka kai wa mai sayar da waya, ba tsawon da ido ya ƙiyasta ba. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe, a sa mata zoben roba.

Ranar haɗi, cire zobe da agogo. Baƙin kai shi ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe.

In an gama, kunna abin da ya fi cin wuta a motar, ka bar shi minti goma. Sannan ka bi wayoyi da bayan hannu, ka taɓa bawonsu da wajen kowane haɗi. Ɗumi kaɗan ba komai. In ka ji zafin da ya sa ka janye hannu, kashe. Ko waya ta yi siriri, ko noti bai ɗauru ba. Bayan tafiyar farko kuma, a sake bin notuna duka, na waya da na maɗauri, domin girgizar hanya tana sassauta su. Sannan a cika tanki, a loda kaya, a kai mota sikeli, a auna gaba dabam, baya dabam.

Masu inbata a gida, in kun tashi daga gindin rediyo, ku je ku duba naku. In na ruwa ne, ɗakin yana da taga? Tukunyar gas na kusa? Akwai fis a jikin jar waya?

Lokaci ya cim mana.  

(Kiɗan rufe shiri)